In gyara giyata ta 3x8 ko in koma 1x11?

Na Tudun Wada: Salamu alaikum. Kekena na gwanjo ne, taya inci 26, faranti uku a gaba (masu haƙora 42-32-22), kaset, wato jerin giyoyin baya, mai hawa takwas (haƙora 11 zuwa 32). Cen ya fara tsallake haƙora idan na danna feda a hawan duwatsun Shere na Jos. Ko dai in sabunta cen da kaset na takwas ɗin, ko in kwance komai in ɗaura kayan giya na Shimano Deore 1x11 (faranti ɗaya a gaba, hawa 11 a baya) mai kaset 11-51. Na duba, bayan na kaset ne, ba firiwil mai murɗawa ba. Keke kuwa ba zan canza ba.

Sarkin Gudu: Sayar da shi ka nemi mai taya 29. Zamanin 26 ya wuce.

Abu Deore: Me za ka yi da 11? Ɗauki Deore M6100 mai hawa 12, kaset 10-51, ka huta.

Baba Mai Sifana: Wa'alaikumussalam. Abu, ka karanta tambayar kuwa? Kaset 10-51 ba ya zama sai a kan mazaunin kaset irin Micro Spline, shi kuma mazaunin tayarsa irin HG ne. Deore M5100 mai 11-51 shi zai shige ba tare da an taɓa tayar baya ba. Yaro, gaban za ka fara dubawa. Idan farantan uku an dunƙule su da ribit, sai an sauya hannun feda gaba ɗaya. Idan kusoshi huɗu ne masu 104 BCD (faɗin da'irar kusoshin, milimita 104), cire ukun ka ɗaura guda mai haƙora fadi da siriri a gurbin na tsakiya, don cen ya miƙe. Faranti na da ba ya riƙe cen shi kaɗai, a gargada zai zube.

Malam Lissafi: A yi lissafi tukuna. Giyarka mafi sauƙi yanzu 22 kan 32 ce, wato 0.69. Faranti mai haƙora 32 kan 51 zai ba ka 0.63, hawa ya ɗan ƙara sauƙi. Amma a sama kana da 42 kan 11, kusan 3.8, za ka sauko 2.9. A kwalta ƙafa za ta riƙa wulwulawa a banza.

Oga Faci: Duk wannan lissafin banza ne idan cen jabu ne. Ga wani keke rataye a shago, an ɗaura masa 1x11 damina ɗaya kacal. Kwalin cen ɗin ya yi kyau, tambari ya fito raɗau, amma ƙarfen gwangwani ne. Ya miƙe, ya cinye ƙananan haƙoran 11 da 13 suka yi tsini. Mai shi ya ga tsallake sai ya yi ta murɗa kusoshin H da L na masauyin giyar baya, alhali su iyaka kawai suke tsayarwa. Ya saki L, masauyin giya ya faɗa cikin wayoyin taya a kan tudu: maratayar da ke riƙe masauyin a jikin firam ta karye, wayoyi huɗu suka tsinke, masauyin ya lanƙwashe. Maratayar wannan firam ɗin har yau ba a samo ba, don kowane firam da irin tasa. Mai kayan kuma ya ce wai hawan ganganci aka yi.

Hajiya Mai Feda: Innalillahi. To yaya ake gane jabun, Oga?

Oga Faci: A kwali da wuya, Hajiya. A awo ake kama shi. Sabon cen daga fil ɗaya zuwa fil na 24 bayansa inci 12 ne cif. Ya wuce da 1/16 na inci, miƙewarsa ta kai 0.5 cikin ɗari, cen na hawa 11 a cire shi nan take. Na takwas yana haƙuri zuwa 0.75. Jabu sati kaɗan yake kai wa nan.

Abu Deore: Shi ya sa na ce a saya sabo. Cikakken Deore bai kai kuɗin keken gwanjon ba.

Sarkin Gudu: A ina? Wanda aka yi min ciniki ya ninka kuɗin keken.

Ɗan Kwatano: Ku duka kun yi tsada. Cire-cire daga kekunan gwanjo bai kai rabin abin da Abu ke faɗa ba.

Baba Mai Sifana: Cire-cire kuma da kaset ɗin da wani ya gama cinyewa. Sa sabon cen a kai ka ji tsallake tun ranar farko.

Sarkin Gudu: Baba, da girmanka, gyaran Phoenix daban, keken dutse daban.

Baba Mai Sifana: Kai da ke Kano, wane dutse kake hawa? Dala ma matattakala gare shi.

Malam Lissafi: A bar shi, yana atisaye a kan gadar sama.

Hajiya Mai Feda: Ni abin da ke ci min rai baƙin mai ne. Ka kai keke a ɗaure maka birki, kafin ka waiga an tsiyaya wa cen man inji da ya mutu, wai kyauta. Da ƙurar hunturu sai ya zama kamar yashi a haƙora. Ai ko cen na asali ba zai kai ba. A wanke da kananzir, a bari ya bushe, a ɗiga man cen ɗigo ɗaya kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma.

Oga Faci: Ba duka muke yi ba, Hajiya. Ku ma kuna kai wa masu facin mota su bunƙa muku iska har taya ta zama dutse. Taya mai faɗin inci 2.1 mai tib, mutum mai kilo 70, awon iska PSI 30 zuwa 35 ya isa a kan duwatsu. Fiye da haka tsalle kawai za ta yi, ta ƙi kama ƙasa.

Ɗan Kwatano: Ga tsidau kuma. Ruwan toshe huda ne maganinsa, mililita 60 kowace taya, amma zafinmu wata biyu zuwa uku yake busar da shi.

Na Tudun Wada: Na gode. Na duba, farantan nawa na ribit ne. Ke nan sai na haɗa da hannun feda?

Sarkin Gudu: Ka ga abin da na faɗa tun farko. Akwai mai 29 a hannun wani, in tura maka hoto?

Hajiya Mai Feda: Ɗan Kwatano, ruwan nan yana aiki a cikin tib, ko sai an cire shi?