Rim ɗin Accord a kan Camry, noti zagaye uku kawai yake kamawa: dogon sitod ko sifesa mai nata sitod?

Mai Muscle Baƙa:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in ƙara zuba kuɗi. Motata Camry ce 2009, wadda muke kira Muscle. Na sa mata gajerun sifirin ta ɗan sauka ƙasa, sannan na samu rim 18 na Accord, na asali, da tayoyinsu 235/45. A bayan rim ɗin an buga 18x8J da lamba 55. Ramuka biyar ɗin sun hau daidai, amma da aka ɗaure sai tayar ta jingina da jikin shok ta ciki. Yaron da ya ɗaura min ya kawo faranti na alminiyam masu kaurin milimita 5, irin masu ramuka barkatai da ake cewa suna hawa kowace mota, ya jera biyu-biyu a kowace ƙafa. Gogar ta daina. Sai dai yanzu noti zagaye uku yake yi ya tsaya, kuma sitiyari yana rawa da zarar na haura 90.

Wani ya ce in sa dogayen sitod, wato ƙusoshin da notin taya yake hawa. Wani ya ce in sayi sifesa, wato faranti guda mai kauri da ake sawa a bayan rim, wadda take zuwa da nata sitod ɗin. Mai walda na unguwarmu kuma ya ce in kawo ya ƙara wa na jiki tsawo, aikin rabin yini ne. Ƙarshen wata ina da biki a Zariya, daga Kano zan tashi kuma motar za ta cika. Wanne zan bi?

Direban Dogon Zango:
Wa'alaikumussalam. Ɗana, kafin a shiga dogon bayani, ajiye motar nan yau. Ko masallacin Juma'a kada ka je da ita. Mayar da rim ɗinka na asali mai inci 16 tukuna. Zagaye uku ba ɗauri ba ne, rataye taya aka yi. Ni a ra'ayina ma sayar da na Accord ɗin za ka yi ka nemi wanda aka yi wa motarka, ka huta. Mai waldan nan kuma ka gaishe shi, amma kada ya taɓa maka sitod.

Oga Gareji:
Baba Direba ya faɗi gaskiya a kan ajiye mota da maganar walda. Sitod ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi ƙarfinsa, wutar walda tana kashe wannan ƙarfin, kuma daidai wurin ɗinkin zai ɓalle. A nan babu jayayya.

Inda na saɓa da Baba shi ne sayar da rim. Aikin yana yiwuwa, a yi shi yadda ya kamata ne kawai. Ƙanena, bari in yi maka lissafin.

Tiredin sitod ɗin Camry M12x1.5 ne. Ma'ana kaurinsa milimita 12, kuma duk zagaye ɗaya noti yana shiga milimita 1.5. Ƙa'idar da muke bi ita ce noti ya ci aƙalla kwatankwacin kaurin sitod ɗin, wato milimita 12, zagaye 8 ke nan. Farantan da aka jera maka sun cinye milimita 10, kusan zagaye 7. Abin da ya rage maka zagaye ukun nan ne, wato milimita huɗu da rabi, yake riƙe da kowane noti. Rami ɗaya mai kyau a hanya ya isa ya tsige tiredin.

Sai lambar 55 da ka gani. Ita ce ofset, tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da take zama a kan hob, ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. Rim ɗin Muscle na asali faɗinsa inci 6.5 ne, ofset 45. Naka sabo inci 8, ofset 55. Idan ka haɗa ƙarin faɗin da ƙarin ofset ɗin, bakin rim na ciki ya matsa wajen shok da kusan milimita 29. Shi ya sa ya jingina. Sifesa mai milimita 15 za ta mayar da ofset ɗinka 40, ta ciki ka samu sarari, ta waje kuma bakin rim ya fito da kusan milimita 24 fiye da na asali. Mai 20 za ta kai ka 35, fitowar ta kusa 29, kuma da motar da aka sauke, fenda za ta fara yankar taya. Ni 15 zan sa, guda ɗaya tak a kowace ƙafa, da dogayen sitod.

Ɗan Kwalisa:
Oga, ni kuma an ce min sifesa kashe boris take yi. Wani abokina ya sa wa Corolla ɗinsa, bai daɗe ba ƙafar gaba ta fara kuka kamar jirgi zai tashi.

Oga Gareji:
Abokin naka a kan rim ɗinsa na asali ya sa, ko? Wannan daban. Boris ba ruwansa da akwai sifesa ko babu, abin da ya sani shi ne ina tsakiyar taya ta faɗo. Wanda ya ɗauki rim mai 45 ya ƙara masa 25 don tayar ta leƙo waje, ya ture nauyin daga inda kamfani ya tsara, boris da boljoyin za su ji a jikinsu, sitiyari kuma ya riƙa fizga a kan rami. Shi wannan bawan Allah rim ɗinsa ya riga ya shige ciki da 10. Sifesa 15 ta dawo da shi 40, tazarar 5 kawai da na kamfani. Wannan ba abin da zai hana ni barci ba ne.

Injiniya Mai Gilashi:
Ina so in tsaya a kan rawar sitiyarin, don ba a taɓo ta ba, kuma kada a tura shi wajen balansin ya yi asarar kuɗi.

Ramukan Camry da Accord ɗaya ne, 5x114.3, shi ya sa mutane suke ɗauka komai ya yi daidai. Amma ramin tsakiya ya bambanta. Leɓen hob na Toyota milimita 60.1 ne, ramin rim ɗin Honda 64.1. Ko ba faranti, akwai sararin milimita 2 ta kowane gefe. Yanzu kuma farantan sun rufe mafi yawan leɓen, rim ɗin ba shi da abin da zai zauna a kai ya daidaita. Duk inda ya faɗa lokacin da ake ɗaure noti, nan ya zauna. Kaucewar rabin milimita ta isa ta girgiza sitiyari a gudun 90.

Saboda haka sifesar da za ka nema ba kowace mai 15 ba ce. Ta bayanta ramin ya zama 60.1 ya hau hob ɗinka cif, ta gabanta kuma ta fito da leɓe mai 64.1 wanda zai shiga rim ɗin. Ana sayar da irinta, kuma masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya fitar maka da ita idan ka samu mai hannu. Sharaɗi biyu: daga curin alminiyam mai kyau za a yanko ta, irin 6061-T6, ba narkakken da aka zuba a ƙasa ba, kuma fuskokinta biyu su kwanta daidai. Ka sa a auna kaurin da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, a wurare huɗu a gabanka. In ya bambanta, bar musu kayansu. A kuma auna tsawon leɓen hob ɗinka, a tabbatar ya shige cikin sifesar ba tare da ya tokare ba.

Wani abu da mutane ba su gane ba: sitod ba shi ne yake ɗaukar nauyin mota kai tsaye ba. Aikinsa ya matse rim da hob har su zama kamar abu ɗaya, matsin ne yake riƙe nauyin. Duk wata fuska da ka ƙara a tsakani wuri ne da ƙura, tsatsa ko fenti za su maƙale, su murƙushe daga baya, matsin ya saki. Da ya saki sai rim ya fara motsi, sitod ya riƙa lanƙwasuwa kaɗan-kaɗan har ya karye. Dalilin hana jera faranti biyu ke nan. Kafin a ɗora sifesa a goge fuskar hob da buroshin waya har ƙarfen ya fito fes.

Mai Evil Spirit:
Ranka ya daɗe, wane irin noti aka ɗaure maka da shi? Wannan rim ɗin irin na motata ne, Accord, na san halinsa.

Mai Muscle Baƙa:
Wasu masu ƙyalli ne na saya a kasuwa, bakinsu a fiƙe kamar mazurari, kansu a rufe.

Mai Evil Spirit:
To ga wata matsalar. Mazaunin noti a rim ɗin Honda na asali zagayayye ne kamar ƙoƙo. Naka masu bakin mazurari na rim ɗin kasuwa ne. Idan ka sa su a ramin Honda, a siririn layi ɗaya kawai suke taɓawa, su ci alminiyam ɗin, su saki. Na Toyota na asali masu wosha su ma ba su dace ba. Sa'arka ɗaya, tiredin Honda shi ma M12x1.5 ne, don haka notin Honda zai hau sitod ɗin Toyota lafiya lau. Amma ka kula da masu rufaffen kai: in sitod ya yi tsawo, zai tokare rufin notin ta ciki, ka ji ya ɗaure tamau alhali bai matse rim ba. Ko ka nemi masu buɗaɗɗen kai, ko a auna zurfinsu. Na Nissan da Subaru kuma kada ma ka karɓa, nasu 1.25 ne, zai hau zagaye ɗaya biyu sannan ya lalata maka tiredi.

Ɗan Uwanku a Jamus:
Sannunku da ƙoƙari. Don a cire tsoron sifesa gaba ɗaya: a nan abu ne da ake sawa a fili, har Porsche ta sayar da masu milimita 5 a matsayin kayan kamfani. Bambancin shi ne sai mai takardar shaida, kuma masu duba mota na TÜV suna bin diddigi. In za ka yi oda daga waje ka lura da sifesar kamfanin H&R: lambar da suke rubutawa ta ƙafa biyu ce a haɗe. In ka ga 30, kowane gefe 15 ne. Samfurinsu DRS shi ne mai zuwa da dogayen sitod, DRM kuma mai nasa sitod a jiki. Sai dai nasu na Camry leɓensa 60.1 ne gaba da baya, ba zai magance maka ramin Honda ba sai da zoben da zai cike sararin.

Mai Muscle Baƙa:
Allah ya saka da alheri. Oga Gareji, to me ya hana in ɗauki mai nata sitod ɗin kawai? Na ga kamar ta fi sauƙi, ba sai an fasa ƙafa ba.

Oga Gareji:
A 25 zuwa sama, ita zan ce ka ɗauka. A 15 ba na sonta. Tsofaffin sitod ɗinka za su leƙo ta gaban sifesar, sai in bayan rim ɗin yana da ramukan da za su shige, in babu rim ya zauna a kan sitod maimakon a kan sifesa, ko a ce za a yanke su. Notocin da ke riƙe ta sirara ne, naman da ke ƙarƙashinsu kaɗan ne, kuma a ɓoye suke: duk lokacin da za ka duba su sai ka cire taya. Noti goma a ƙafa ɗaya maimakon biyar.

Wajen sayen sitod, cire ɗaya daga motarka ka tafi da shi Ƙofar Ruwa a aljihu. Tsawon sabon ya ɗara tsohon da aƙalla 15, kansa da alamar 10.9. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne wuyan, wurin nan mai zane-zane da yake cije ramin hob. Na Toyota ya haura milimita 14 kaɗan, na Honda bai kai 12 da rabi ba. Tiredi ɗaya, wuya daban. In aka sa maka na Honda zai riƙa juyawa a ramin, ranar da taya ta yi faci ka rasa yadda za ka kwance.

Wajen sawa, ƙafar baya ba wuya, hob ɗin yana fita da ƙusoshi huɗu. Gaba ce sai an yi haƙuri. A cire kalifa da diski, a juya hob a nemi inda dogon sitod zai samu hanyar shiga ta baya. In bai shiga ba sai an zare hob, to ka sani boris ɗin gaba matse shi ake yi, in aka zare sai sabo, ka sa kuɗinsa a lissafi. A tura tsofaffin da abin matsawa, kada a yi ta zabga musu guduma boris yana sha. Sabon kuma kansa ya kwanta a bayan hob ba ko siririn sarari.

Ɗauri: tiredi a bushe, ba giris ba baƙin mai. A bi su a tsallake, ba a jere ba. Toyota ta ce ƙarfin ɗauri Nm 103, da sifanar awo. Mai facin da yake zura bututu a wilsifana ya hau da ƙafa, in yana da kilo 70 bututun rabin mita, ya ba sitod ɗinka sama da 300. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su da sifanar.

Direban Dogon Zango:
Duk na ji. Tambaya ɗaya: tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari taya ta fashe da dare, safayar da ke but ɗinsa za ta hau wannan abin naku?

Injiniya Mai Gilashi:
Baba, wallahi ka kamo wurin. Ba za ta hau ba. Ramin safayar Toyota 60.1 ne, leɓen sifesar 64.1. Dole ya zare sifesar tukuna, sannan sitod ɗin zai fito zanƙal-zanƙal, notin Honda kuma bai dace da rim ɗin ƙarfe ba. Sai ya ajiye noti biyar masu bakin mazurari da buɗaɗɗen kai a cikin but, ya kuma tabbatar tiredin sabon sitod ya gangaro har ƙasa yadda za su matse. A gwada safayar a gareji tun kafin a bar wurin. A shafa ɗan man hana tsatsa a leɓen hob kaɗai, don sifesar ta zaru da hannu a bakin hanya.

Oga Gareji:
Sannan kafin Zariya, a zaunar da manya uku a baya, a sa kaya a but, a haura tudun rage gudu a hankali a saurara. A murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu. In taya tana taɓa leɓen fenda, a naɗe leɓen ciki. Tunda an canja sifirin, alaimen ma wajibi ne.

Mai Muscle Baƙa:
Na gode ƙwarai iyayen gida. Na mayar da 16 ɗin da yamman nan, da su zan je bikin. In na dawo za a yi aikin a nutse. Oga, sitod ashirin zan saya ko a bar na baya?

Oga Gareji:
Ashirin, ka ƙara biyu na ajiya. Baya ma sifesar za ta hau, kuma nan ne 'yan biki suke zama.