Makirufon Roger da hijabi: sautin "s" da "sh" na ɓacewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda, musamman masu aikin gwajin ji. Yarinya ce 'yar shekara 3 mai na'urar ji ta Phonak Sky a kunne biyu, malamarta ta rauda (makarantar ƙananan yara) kuma tana rataya makirufon Roger, mai aika muryarta kai tsaye zuwa na'urar yarinyar ba tare da waya ba. Haɗin ya yi daidai, batura sababbi ne.

Inda matsalar take shi ne wurin sa makirufon. A ƙa'ida ya zauna kamar santimita 20 ƙasa da baki. In ya shige ƙarƙashin hijabin malamar, a gwajin sautuka shida na Ling (da ake duba ko yaro na jin sautukan magana) yarinyar tana amsa "a", "u", "i" da "m", amma "s" da "sh" shiru, saboda yadi na danne siraran sautuka. In an fito da shi, yadin na gogarsa, ƙarar ta cika bututun da muke sauraren na'urar jin da shi, ga hucin na'urar sanyaya ɗaki.

Ƙara ƙarfi ta EasyGain (saitin ƙarfin sautin Roger) bai kwanta mini ba, don ƙarar gogar ma za ta ƙaru. Shin makirufon da ke zama gefen kunci ya fi? Ko akwai yadda ake maƙala shi a kan abaya ba ya motsi? Mai niƙabi fa, yaya za ta yi?