Mazauna kusa da sansanin sojan sama na Ghedi a Italiya, me kuka gani?

Maƙeri, Montichiari: Assalamu alaikum 'yan uwa na Brescia da kewaye. Ƙanena na son kama haya a Ghedi, amma matarsa ta ji zancen bama-baman nukiliya a sansanin da ke wajen ta ce ba da ita ba. Wanda ya taɓa zama wajen ya taimaka mana da abin da ya gani da idonsa.

Ɗan zangon Kumasi: Wa alaikumus salam. Can na yi renon 'ya'yana. Bam dai babu wanda zai ce maka ya gani, ƙara ce za ka sha. In jirgin yaƙin Tornado ya tashi kana waya, sai ka yi shiru har ya wuce. Tun 2022 aka fara kawo sabon jirgin yaƙi F-35, kuma a kunnena ya fi tsohon rugugi. Yara kan saba da wuri, surukata ce da ta zo ziyara ta kasa barcin rana sam.

Direban tirela: Malam, ni ina kai kaya har Pordenone, kusa da sansanin sojan sama na Aviano, kuma akwai bambanci. A Aviano jirage da matuƙa duk na Amurka ne, a kasuwa ma kana cin karo da iyalansu. Ghedi kuwa na sojan saman Italiya ne. Bama-baman nukiliyar, samfurin B61, mallakar Amurka ne, sojojinta ke gadinsu a ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa cikin rumfunan jirage, ba a sakinsu sai da izinin shugaban Amurka. In yaƙi ya kai ga haka, a Ghedi matuƙin Italiya ne zai ɗauka. Haka tsarin NATO yake a Büchel ta Jamus, da Volkel ta Holan, da Kleine Brogel ta Beljiyam.

Hajiya, Ghedi: Ƙarar ba ta dame ni kamar shirun hukuma ba. Gwamnati ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba, alhali 'yata na makaranta a garin. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta faɗa mini cikin ɓacin rai cewa sau biyu 'yan Italiya suka ƙi tashoshin lantarki na nukiliya a ƙuri'ar raba gardama, 1987 da 2011, amma kan bam ba wanda ya tambaye su. Ina nan kuma a Agustan 2014, lokacin da Tornado biyu na sansanin suka yi karo a sama kusa da Ascoli Piceno, sojoji huɗu suka rasu. Garin ya yi jimami sosai. Tun daga lokacin in jirgi ya wuce kan gidanmu sai na yi addu'a.

Ɗan zangon Kumasi: Hajiya ta yi gaskiya. Amma in tsoron bam ne, Montichiari ma ba ta tsira ba, tazarar 'yar kaɗan ce. Ka ce wa ƙanen naka ya je duba gidan ranar aiki da safe, kada ya je ranar Lahadi.

Maƙeri, Montichiari: Allah ya saka da alheri. Talata za mu je tare da matar, ta ji da kunnenta.