Ina neman shawara kan shiga aikin binciken manufofin tattalin arziki

Assalamu alaikum. Na kammala digiri na biyu a fannin tattalin arziki a nan Kano, kuma burina shi ne aikin binciken manufofin gwamnati, amma sau uku ke nan cibiyoyin bincike suna ƙin ɗaukata saboda ba ni da rubutun da aka wallafa.

Don haka na rubuta nazari mai shafi 18 kan yadda cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya shafi kuɗin dakon hatsi daga kasuwar Dawanau zuwa cikin gari, inda na haɗa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da farashin da na ji daga bakin direbobi da dillalai. Wata mujallar ilimi ta ce mutum 40 da na zanta da su sun yi kaɗan, editan wata jarida kuma ya ce ba mai karanta jadawali, alhali jadawalin ne ƙashin bayan aikin. Da na taƙaita shi zuwa shafi biyu, sai ya koma tamkar hirar teburin mai shayi.

Malamai, wanne irin rubutu cibiyoyin nan suka fi dubawa wajen ɗaukar sabon mai bincike: na mujalla ko na jarida?