Sabon injin ban ruwa yana mutuwa da ya yi zafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan da na sayi injin ban ruwa sabo fil a kwalinsa, nan Maradi, don lambuna na bakin Gulbi. Ja ɗaya yake tashi, amma bayan minti 20 sai ya fara tari, ya mutu. Ba ya sake tashi sai ya huce.

Na canza buji, bakanike ya wanke kabureta, har murfin tanki na sassauta ko iska ce ba ta shiga. Shiru. Mai shago ya ce laifin esansi ne, alhali da shi maƙwabcina yake aiki lafiya lau.

Tumatirina ya fara yaushi. Ko bobin ce? Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya taimake ni.