Jinyar firgici daga nesa: abin da tattaunawar Yamai ta tsayar

A wani zama da ma'aikatan lafiya da iyaye suka yi a Yamai, an waiwayi watan Maris na 2020, lokacin da korona ta shigo Nijar, aka killace birnin, aka sa dokar hana fitar dare, masu fama da firgici bayan hari ko haɗari suka rasa hanyar ganin likita.

Likitoci sun bayyana cewa idan munanan mafarkai, zabura da gudun duk abin da ke tuna wa mutum masifar suka wuce wata 1, lokacin neman taimako ya yi, kuma jinya ta hanyar zantawa tana yiwuwa ta waya ko bidiyo. Sun gargaɗi jama'a kan maganin barci irin su diazepam, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda bala'i ya auka wa kwanan nan.

An fi daɗewa kan sirri, kuma a ganina nan ne wuyar take. A gidan da mutum goma ke kwana, matar da ke amfani da wayar mijinta ba za ta faɗi abin da ke cinta ba. Shawarar ita ce ta zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ta sa abin sauraro a kunne, ta goge saƙonni, kuma a amince tun farko cewa idan intanet ta yanke, likita zai kira ta layin waya.

Wanda ke tunanin kashe kansa kuwa, a kai shi asibiti nan take.