Wai zafin zuciya a jini yake?

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan yana ci min rai. Shekara biyu ina neman yarinyar nan. Jiya kawunta ya kira ni zaure, ko tabarma bai shimfiɗa min ba, ya ce ba za su ba ni ita ba, wai zafin zuciya a jininmu yake tunda mahaifina, Allah ya jiƙansa, mafaɗaci ne. Ni tunda nake ban taɓa ɗaga wa mace hannu ba. Wannan adalci ne?

Maman Iman: Ka yi haƙuri ƙanena, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Anti Nas: Don Allah ku daina cewa jini. Ƙwayoyin halitta ake gada, kuma ba su kaɗai ke gina hali ba. Tun 1979 masana a Minnesota ta Amurka suka riƙa bin tagwayen da aka raba tun suna jarirai. An ga kamanni a halinsu, an kuma ga bambanci. Wani dangi a Holand da aka gano a 1993, mazansu masu saurin kai hannu, wata ƙwayar halitta mai suna MAOA ce ta lalace musu, wadda ke rage sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin da dopamine. Irin wannan ba kasafai ake samunsa ba.

Baban Sadiq: In jini ba ya ɗaukar komai, gwajin jini kafin aure na mene ne? Sikila daga sama take faɗowa?

Anti Nas: Sikila ƙwayar halitta ɗaya ce, Yaya. Hali kuwa ƙwayoyi ne masu yawan gaske, ga tarbiyya, ga abokai.

Baban Sadiq: To ai kin dawo kan jinin.

Malam Tsoho: Ku bar Turawa da tagwayensu. Abin da Allah ya ƙaddara wa bawa shi zai same shi.

Maman Iman: Malam, ai iyayenmu ba su taɓa aurar da 'ya ba tare da binciken asali ba.

Baban Sadiq: Ita kuma Anti Nas ɗin, nas ce fa, ba likitar ƙwaƙwalwa ba.

Anti Nas: Shekara 14 ina asibiti. Kai ina ka yi naka karatun?

Ɗan Fagge: Har yanzu ba wanda ya amsa min. In koma wurin kawun ko in haƙura?

Admin: Na rufe wannan magana. Kusan kowa ya yarda gado gaskiya ne, Anti Nas da bakinta ta ce tagwayen sun yi kama. Kawun yarinya bai yi laifi ba, ni ma da 'yata ce sai na bi dangi gida-gida. Ɗan Fagge, ka samu dattawan unguwarku su je su shaide ka.